Idan Likita Ya Ce "Namu Ne"

Mai karatu, idan ka taɓa zaman jinya a ɗaya daga cikin asibitocin da ke tsakanin Funtuwa da Malumfashi, na san kunnenka ya taɓa jin wata gajeriyar magana daga bakin ma'aikaci. Za ka ga an shigo da majinyaci, likita ya leƙa tagar mai karɓar kuɗi ko ɗakin magani, ya nuna shi da haɓa, ya ce, "Namu ne." Shi ke nan, sai layi ya buɗe, a miƙo magani, ba a yanki rasit ba. Wataƙila kai ne ke tsaye a bayan layi kana kallo. Wataƙila kuma kai aka yi wa wannan gata, domin ƙanwarka ungozoma ce ko ɗanka malamin asibiti ne. Ko wanne ne kai a ciki, maganata ta yau da kai nake yin ta, kuma zan fara da kaina, domin na daɗe ina cikin masu furta wannan kalma.

A farkon aikina na likita an tura ni wani asibitin gwamnati a wannan yanki namu na masara da auduga. Duk wanda ya yi aiki a nan ya san cewa kaka ita ce lokacin tiyata. Manomi yakan danne ciwon gwaiwa tun daga shuka har girbi, sai amfani ya shigo gida, ya ga kuɗi a hannu, sannan ya zo a yi masa aiki. Wata safiya cikin hunturu ina da mutum biyu masu ciwo iri ɗaya. Na farko mahaifin wata malamar jinya ce da muke aikin dare tare, mace mai haƙuri wadda ta sha rufa mini asiri lokacin da nake sabon hannu. Na biyu wani dattijo ne daga wani ƙauye na ƙasar Bakori, wanda ya sayar da buhunan masararsa ya ɗauro kuɗin a lalita.

Na je ɗakin magani na ce wa yaron da ke riƙe da shi ya fitar da kayan aikin mahaifin abokiyar aikina: ledojin ruwa, zaren ɗinki, safar hannu, allurai. Ya ɗaga biro zai rubuta, na ce masa, "Bar shi, namu ne." Ban lura ba ashe dattijon nan yana zaune a kan benci kusa da taga, yana ƙirga canjinsa. Da na juyo sai ya ɗago kai, ya ce cikin ladabi, "Likita, ranka ya daɗe, to mu kuma na wane ne?"

Na yi murmushi na ce, "Haba Baba, ai kowa namu ne," na wuce. Aka yi wa su biyun aiki, Allah Ya ba su lafiya, suka koma gida. Da a ce a nan zancen ya tsaya, da ban rubuta maka wannan ba.

Bayan wasu watanni masu binciken kuɗi suka zo. Suka auna kayan da suka fita daga sito da kuɗin da ya shiga asusu, suka ga giɓi. Ba mahaifin abokiyar aikina kaɗai ya haƙa ramin ba. Kowane babba a asibitin yana da nasa "namu", kuma yaron nan ba shi da bakin da zai ce wa likita a'a. Da aka nemi takarda, ba a sami sa hannun ko ɗayanmu ba. Sunansa kaɗai ke cikin littafi. Aka ba shi takardar tuhuma, aka riƙa yankar albashinsa wata bayan wata. Na je wurin shugaban asibiti na faɗi nawa laifin, na kuma biya yaron abin da na san ya fita da bakina, amma takardar ta zauna a fayil ɗinsa, ta kuma ja masa jinkiri a ƙarin girma. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ni na sha godiya da addu'a daga iyalin majinyaci, shi kuwa ya sha yankan albashi.

Wannan al'ada ba a nan aka ƙirƙiro ta ba, kuma asalinta ba mugu ba ne. A shekarar 1803 wani likita a birnin Manchester na Ingila mai suna Thomas Percival ya wallafa littafi a kan ɗa'ar aikin likita, inda ya ba da shawarar likitoci su riƙa duba junansu da iyalan junansu ba tare da karɓar lada ba. Ƙungiyar likitocin Amurka ta ɗauki wannan ra'ayi ta sa shi cikin ƙa'idojinta na 1847. Dalilin kuwa mai ƙarfi ne. Likita ba ya iya duba matarsa ko ɗansa da idon basira, domin tsoro da ƙauna sukan rufe masa ido. An so a sauƙaƙa masa kai iyalinsa wurin wani, maimakon ya yi musu magani da kansa. Sai dai a wancan zamani abin da likita ke yafewa guminsa ne da lokacinsa. Babu asusun gwamnati a tsakani, babu kamfanin inshora.

Da zamani ya juya, kuɗin wasu suka shigo tsakanin likita da majinyaci, sai Amurkawa suka ga abin da ake kira karamci yana iya zama ƙofar zamba. A 1972 suka yi dokar da ta haramta ba da wani abu ko karɓarsa domin a turo majinyatan da gwamnati ke biya wa kuɗin magani. A 1989 suka ƙara da dokar Stark, wadda ta taƙaita tura majinyaci wurin da likita ke da wata alaƙar kuɗi da shi. Ga yadda lissafin yake. A ce kuɗin aiki dubu goma ne, inshora na biyan kashi 80 cikin ɗari, majinyaci na cika 20. Idan likita ya yafe wa abokin aikinsa dubu biyun da ke kansa, amma ya karɓi dubu takwas cif daga inshora, to ainihin farashin da ya yi aikin a kai dubu takwas ne, kuma kason inshora a ciki dubu shida da ɗari huɗu ne. Ya karɓi dubu ɗaya da ɗari shida da ba haƙƙinsa ba, ya yi alheri da aljihun wani. Haka kuma idan wanda ake yafe wa kuɗin shi ne mai turo masa majinyata, to rangwamen ya zama toshiyar baki. Dokarsu ba ta kashe al'adar gaba ɗaya ba. Ta yarda da ita idan a rubuce take, hukumar asibiti ta amince, kuma ba a duba yawan majinyatan da mutum ke turowa.

Mu a nan ba mu da dokokin nan da sunayensu, amma kada wannan ya ruɗe ka. Abin da na koya da tsada shi ne, kafin likita ya buɗe baki ya yafe kuɗi, dole ya tambayi kansa kuɗin na wane ne. Amsar takan kasu uku.

Na farko shi ne kuɗin da yake nasa. Likitan da ya buɗe asibitin kansa a Funtuwa, ya sayi magani da jarinsa, yana da ikon ya duba abokin aikinsa kyauta, kamar yadda mai shago zai iya ba maƙwabcinsa mudun sukari. Haɗarin yana shigowa ne idan kyautar tana da igiya a gindi. A ce mai kemis na bakin kasuwa, ko malamin asibitin wani ƙauye, ana duba iyalinsa kyauta bisa fahimtar cewa duk wanda ya zo masa da babban ciwo can zai tura shi. To kai da aka ce wa "je ka wurin wane, shi ne gwani", ba ka san cewa an riga an sayar da kai ba. Hukumar MDCN, wadda ke yi wa likitoci rajista a Najeriya, ta hana farautar majinyata ta hannun 'yan kamasho. Tana da kwamitin bincike da kotun ladabtarwa da ke iya jan kunnen likita, ko dakatar da shi, ko soke sunansa daga rajista.

Na biyu shi ne kuɗin jama'a, kuma a nan na faɗi. Yawancin magungunan da ke ɗakin maganin asibitin gwamnati suna tafiya ne a kan asusu mai juyawa, tsarin da ya bazu bayan taron ministocin lafiya na Afirka a Bamako a 1987. Ana zuba jari sau ɗaya, a sayar da magani da 'yar riba kaɗan, a mayar da kuɗin a sake saro wani. Kamar irin shuka ne. Manomin da ya cinye irinsa da rani ya san abin da zai tarar idan ruwa ya sauka. Duk ledar ruwan da ta fita da "namu ne" leda ce da ba za a sake saro ta ba. Ranar da aka kawo mai naƙuda tana zubar da jini cikin dare aka ce wa mijinta "babu, je ka waje ka sayo", wani ɓangare na wannan babu daga bakin irina ya fito.

Doka kuma ba ta yi shiru a kan wannan ba. Sashe na 19 na dokar 2000 da ta kafa hukumar ICPC ya tanadi ɗaurin shekara 5, ba zaɓin tara, ga ma'aikacin gwamnati da ya yi amfani da muƙaminsa ya ba kansa, ko ɗan'uwansa, ko abokin hulɗarsa, ko wani ma'aikacin gwamnati wata fa'ida da ba ta dace ba. Ka lura da na ƙarshen nan, domin abokin aiki a asibitin gwamnati shi ma ma'aikacin gwamnati ne. Dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa ita ma ta san laifin cin amana, wato a damƙa wa mutum dukiya ya sarrafa ta ba yadda aka ɗora masa ba. Ko da magana ba ta kai kotu ba, akwai tuhuma, da yankan albashi, da dakatarwa, kuma galibi a kan ƙaramin ma'aikaci suke sauka.

Na uku shi ne kuɗin inshora. A watan Mayu na 2022 aka sa hannu a dokar da ta kafa hukumar NHIA a madadin tsohuwar NHIS, Jihar Katsina kuma tana da tata hukumar taimakekeniyar lafiya, KTSCHMA. A tsarin ma'aikatan tarayya katin yana ɗaukar ma'aikaci, da matar aure ɗaya ko miji, da 'ya'ya huɗu na cikinsa 'yan ƙasa da shekara 18, kuma majinyaci yana biyan kashi 10 cikin ɗari na kuɗin magani. Ka san yadda gidajenmu suke: mata biyu ko uku, 'ya'ya goma, ga tsohuwa, ga 'ya'yan riƙo. Sai abokin aiki ya zo ya ce, "Likita, amarya ce ba lafiya, a rubuta ta da sunan uwargida." Likitan da ya amsa ya sa hannu a takardar ƙarya, ya karɓi kuɗin asusu a kan mutumin da bai zo asibiti ba. Asibitin da aka kama da wannan yana iya rasa izinin karɓar masu inshora, kuma ɗaruruwan iyalai da ba su ji ba ba su gani ba su rasa wurin zuwa.

Akwai kuma abin da ya fi shari'a kusa da jikinka. Fayil ɗin asibiti tarihin jikin mutum ɗaya ne. A cikinsa ake rubuta rukunin jini, da maganin da jiki ba ya karɓa, da hawan jini, da yawan haihuwa. Idan aka cusa ciwon amarya cikin fayil ɗin uwargida, an gauraya mutum biyu a takarda ɗaya. Wata rana za a kawo ɗayarsu a sume, likitan dare wanda bai san gidan ba ya buɗe fayil ya gaskata abin da ya gani. Kuɗin da aka tsimi a ranar farko ba zai fanshi wannan kuskure ba.

Ko ba inshora, na lura cewa majinyacin gata yakan sami kulawa mafi rauni, ko da yake shi yana ganin an fifita shi. A baranda ake duba shi, a tsaye. Ba a yanka masa kati, don haka ba a rubuta komai. Ana jin nauyin yi masa tambayoyin da ake yi wa baƙo, ana tsallake gwajin da ya kamata don kada a ɗora masa kuɗi. Idan maganin bai yi ba, shi ma yana jin kunyar komawa, domin wanda aka yi wa kyauta ba ya ƙorafi. Idan kuma aka yi kuskure, ba shi da rasit ko kati da zai nuna cewa ya taɓa taka asibitin. Likitan ma bai tsira ba, domin kyauta ba ta sauke masa nauyin kulawa. Idan ya yi sakaci za a tambaye shi kamar yadda za a tambaye shi a kan wanda ya biya, ga shi kuma ba shi da rubutun da zai kare kansa.

Kada ka fahimce ni a karkace. Ban ce ma'aikacin lafiya bai cancanci tausayi ba. Na ga malaman jinya da suka kwana a tsaye a lokacin kwalara, na ga waɗanda ke bin hanyoyin Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara zuwa wurin aiki da zuciya a hannu saboda 'yan bindiga, kuma albashin da yawansu ba ya kai su ƙarshen wata. Mutumin da ke jinyar jama'a bai kamata ya rasa mai jinyar mahaifinsa ba. Abin da nake cewa shi ne alheri yana da ƙofa, kuma ta ƙofar ya kamata ya shiga. Idan hukumar asibiti tana son rangwame ga ma'aikata, ta rubuta shi, ta faɗi wa ya shafa da iyakarsa, ta ware masa kuɗi, a riƙa shigar da shi littafi. Ma'aikata su kafa asusun taimakon juna, kamar adashin da muka saba. Likitan da zuciyarsa ta motsa kuma ya sa hannu a aljihunsa ya biya, a yanka rasit da sunan majinyaci. Tun bayan abin da ya sami yaron nan haka nake yi, kuma na gane cewa da kuɗina na fi sanin wa ya fi bukata.

Yanzu ga abin da nake roƙon ka, kai da ke da ɗan'uwa a asibiti. Kada ka ɗora masa nauyin da zai ci aikinsa. Ka bar shi ya nuna maka hanya, ya gaya maka ranar da likitan da kake nema ke zama, ya fassara maka abin da aka rubuta. Amma ka yanki kati da sunanka, ka biya a taga, ka karɓi rasit ka adana. Kada ka miƙa kuɗi a hannun kowa a baranda, ko da ɗan ɗakinku ne. Kada ka karɓi katin inshorar wani, kada kuma ka ba da naka. Idan iyalinka sun fi abin da katin ya ɗauka, ka je ofishin hukumar ka tambayi yadda ake ƙara mutum. Idan aka tura ka wani asibitin kuɗi ko wani ɗakin gwaji, kana da ikon tambayar dalili, da ko akwai wani wurin da ake yin aikin.

Kai kuma da ba ka da kowa, ka sani akwai abubuwan da haƙƙinka ne, ba sai an san ka ba. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba mutum taimakon gaggawa bisa kowane dalili, kuma ya tanadi tarar naira 100,000, ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun. Allurar rigakafin yara kyauta ce. Maganin tarin fuka da na cutar HIV kyauta ne a cibiyoyin da aka ware. Maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana ba ƙananan yara da damina, shi ma ba a sayar da shi. Idan kuɗin aiki ya fi ƙarfinka, kada ka tsaya neman wanda zai raɗa wa kashiya magana. Ka nemi ofishin jin daɗin majinyata idan asibitin yana da shi, kamar yadda manyan asibitocin koyarwa irin na Shika suke da shi, ko ka nemi ganin shugaban asibiti ka faɗi halinka. Sassaucin da aka yi a rubuce ba ya jawo wa kowa tuhuma, kuma ba ya barin ka da bashin kunya.

Dattijon nan na ƙasar Bakori ya dawo bayan mako biyu aka cire masa zare. Ya fito da rasit ɗinsa daga aljihu, a naɗe cikin leda, ya nuna mini ko da ƙarin abin da zai biya. Na ce babu. Ya yi godiya, ya ɗauki sandarsa ya tafi, ban sake ganinsa ba. Tambayarsa dai har yau ban ba ta amsar da ta dace ba, sai dai na daina furta kalmar da ta jawo ta. Da ya biya kuɗinsa cif, ribar da ke kan zarensa da ledojin ruwansa tana cikin abin da ya rage giɓin da ni na haƙa, wato masararsa ta taya mahaifin ma'aikaciya biyan kuɗin tiyata ba tare da an nemi izininsa ba.

Idan gobe ka je asibiti ɗan'uwanka ya kama hannunka zai kai ka ta bayan layi, ka gode masa, ka ce ya bari ka yanki kati tukuna. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa mu fi ƙarfin amanar da aka damƙa mana.